Marsiyyar da ta jinkirta sunan mamaci: kari, amsa-amo da maimaici a Daliyyar Ma'arri

Kimanin shekaru 1000 da suka wuce wani malamin fiƙihu ɗan mazhabar Hanafiyya, mai alkunya Abu Hamza, ya rasu a ƙasar Sham, abokinsa ya yi masa marsiyya. Abin da aka saba a marsiyya shi ne a fara da hawaye, a kira sunan mamaci, a jero kyawawan halayensa, a yi wa iyali ta'aziyya. Wannan aboki kuwa da ya buɗe baki sai ya ce kukan mai kuka ba ya tsinana komai, haka ma rerawar mai waƙa. Daga nan ya shiga zancen kurciya, da kaburbura, da taurari, da gajiyar rayuwa, har aka wuce baiti 20 bai ambaci wanda ya mutu ba.

Mawaƙin shi ne Abul Ala'i al-Ma'arri. An haife shi a shekarar 363 bayan hijira (973 miladiyya) a Ma'arratun Nu'uman, wani gari da ke tsakanin Halab da Hama, ya kuma rasu a can a shekarar 449. Ciwon agana ya tafi da idanunsa yana ɗan shekara 4. Ya je Bagadaza, ya zauna ƙasa da shekara 2, ya komo gida a shekarar 400 ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, daga nan ya kulle kansa a ɗaki har ƙarshen rayuwarsa, yana kiran kansa ɗaurarren kurkuku biyu, wato gida da makanta. Ƙasidar tana cikin diwaninsa na farko, Saƙɗuz Zandi, ma'ana tartsatsin ƙyastu, baitocinta 60 da ɗoriya. Ɗaha Husaini na Masar, wanda shi ma makaho ne, kuma a kan Ma'arri ya rubuta kundin digirinsa a 1914, ya tafi a kan cewa Larabawa ba su taɓa yin marsiyyar da ta kai wannan kyau ba, a jahiliyya ko a Musulunci.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne wannan: maganganun da ke cikinta ba sababbi ba ne. Kowa zai mutu, ƙasa ta ci na gabanmu, duniya wahala ce. Duk mai wa'azin da ya taɓa tsayawa a maƙabarta ya faɗi haka. To me ya sa idan aka rera wannan sai mutum ya yi tsit, ya rage sauri, ya shiga tunanin kansa? Na zauna na yanka baitoci 16 na farko gaɓa-gaɓa, ina ƙirgawa da yatsa, da kuma baitocin rufewa. Abin da na gani shi ne rabin hujjar mawaƙin a kunne take. Mutumin da bai ga takarda ba, wanda shifta yake yi wasu na rubutawa, da sauti ya gina tunaninsa.

Kari

Karin ƙasidar Hafifi ne, ɗaya daga cikin karuruwa 15 da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara, kafin wani malamin mai suna Ahfash ya ƙara na 16. Kowane ɗango ƙafa uku ne: faa'ilaatun, mustaf'ilun, faa'ilaatun. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin Hausa da Larabci awo ɗaya suke yi wa gaɓa: baƙi da gajeren wasali gaɓa ce marar nauyi (v), baƙi da dogon wasali ko gaɓar da baƙi ya rufe kuwa mai nauyi ce (–). Wannan dacewar ce ta sa malamanmu suka iya ɗora waƙoƙin Hausa a kan arulin Larabci, wato ilimin awon waƙa, ba tare da sun karya harshe ba. In kana son jin Hafifi a bakinka, faɗi wannan a hankali: lafiya lau, sai an jima, lafiya lau. Ɗango guda ke nan cif, – v – – / – – v – / – v – –. Wanda kuma ya saba jin Hamziyyar Busiri a wajen Mauludi ya riga ya san karin, don ita ma a kansa take.

Ga baitin buɗewa:

Gairu mujdin fii millatii wa'tiƙaadii
Nauhu baakin wa laa tarannumu shaadii

Ɗangon farko lafiyayye ne, babu zihafi, wato ɗan canjin da aka yarda a yi wa ƙafa, ko ɗaya, gaɓoɓi 12 ne, 9 daga ciki masu nauyi. Murya ce ta mai yanke hukunci: a addinina da aƙidata, babu amfani. A ɗango na biyu ƙafar farko, wadda ke ɗauke da kukan mai kuka, ta zo da cikakken nauyinta. Da aka iso kan tarannumu, wato rerawa, sai ƙafafu biyu na ƙarshe suka sauƙaƙa, kowacce ta gajarta gaɓarta ta farko: v – v – / v v – –. Wannan zihafin shi ake kira habnu, halas ne a Hafifi, kowane mawaƙi yana yin sa. Abin lura shi ne inda ya faɗo. Kuka ya yi nauyi, waƙa ta yi rawa, amma duk su biyun a cikin ɗango ɗaya aka zuba su ƙarƙashin hukunci ɗaya.

Baiti na 5 shi ne wanda aka fi haddacewa, kuma a nan ne na fi daɗewa:

Haffifil waɗ'a maa azunnu adiimal
Ardi illaa min haazihil ajsaadii

Ma'anarsa: sassauta taku, ba na zaton fatar ƙasar nan wani abu ce in ba waɗannan jikkuna ba. Kalmar farko, haffif, tushenta ɗaya da sunan karin kansa. Bayan umarnin sai ɗangon ya bi umarnin: ƙafa ta biyu v – v –, ta uku v v – –, kamar mai tafiya da sanɗa. Ɗango na biyu ya komo da nauyi, babu habnu ko ɗaya, sannan ƙafar ƙarshe ta yi wani abu dabam. Maimakon – v – – sai ta zama – – –, gaɓa uku masu nauyi a jere, aj-saa-dii, irin nauyin da ke cikin kalmar tsofaffi idan ka ja ta. Malaman aruli suna kiran wannan tash'isi: an cire harafi ɗaya daga turken ƙafar, wato gungun haruffan da take tsaye a kansa, gaɓa marar nauyin da harshe ke ɗan hutawa a kanta ta ɓace. Ba ka da yadda za ka yi ka furta ajsaadii da gaggawa. Mai sanɗa ya taka abin da yake gudun takawa.

A baitoci 16 ɗin nan na ƙirga tash'isi sau 6. Huɗu daga ciki sun taru a wuri ɗaya, a baiti na 5, na 6, na 8 da na 9, wato daidai inda ake zancen kabari, kuma kalmomin su ne ajsaadi, ajdaadi, addaadi, aabaadi: jikkuna, kakanni, kishiyoyi, zamunna marasa iyaka. Dukkansu jam'i ne, siga ɗaya, nauyi ɗaya. Wani zai ce ai sigar jam'in ce ta jawo haka, duk kalmar da ta zo a wannan siga bayan alif da lam dole ta ba da gaɓa uku masu nauyi. Gaskiya ne. Sai dai mawaƙi ne ya zaɓi ya jera jam'i huɗu a bakin kabari, bai jera su a wajen taurari ba, inda baiti na 10 da na 11 suka ƙare da bilaadi da sawaadi, ƙafafunsu lafiya lau.

Akwai abu na biyu a baitin nan na 5. Kalmar al-ardi ta rabu biyu, al a ƙarshen ɗangon farko, ardi a farkon na biyu. Larabawa suna kiran irin wannan baiti mudawwari. Ya zarce abin da manazartanmu ke kira gangara, domin a gangara ma'ana ce ke malalawa zuwa ɗango na gaba, a nan kuwa kalmar ce da kanta aka raba, ba ka da wurin numfashi a tsakiya ko kana so. Hafifi ya shahara da karɓar wannan. A cikin 16 na sami 9 a haka, kuma ba a warwatse suke ba. Daga baiti na 2 zuwa na 6, biyar a jere, duk mudawwarai ne, dogayen jimloli masu cinye numfashi guda. Sai baiti na 7 ya ce yi tafiya a iska in za ka iya, sannu-sannu, ɗangon ya tsaya cak a kan ruwaidan, wato sannu-sannun. Daga nan har baiti na 11, biyar a jere kuma, kowane ɗango yana tsayawa da ƙafarsa. Sai a na 12, inda ya ce rayuwa dukkanta gajiya ce, numfashin ya sake tsawo. Wanda ya rera ta da murya zai ji wannan canji a ƙirjinsa tun kafin ya san sunansa.

Amsa-amo

Harafin amsa-amon dal ne, shi ya sa ake ce mata Daliyya. Almajirin zaure da ya ji wannan suna zai fara tuna Daliyyar Yusi ko ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta begen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Waɗancan biyun a karin Kamili suke. Ta Ma'arri ta bambanta da su a kari, ta kuma ɗora wa kanta wani sharaɗi: kafin dal ɗin akwai alif na ja, wanda ake kira ridfi. Dokar ƙafiya, wato amsa-amo, ta yarda wawu da ya su yi musanya a wannan gurbi, amma alif ba ya musanya da kowa. Wanda ya fara da -aadii, da -aadii zai ƙare, ko baiti nawa ne. Marubucin waƙar Hausa da ya riƙe -ba ko -wa a matsayin babban amsa-amo yana da sauƙi, nahawu na miƙo masa su kyauta, yawancin jimlolin korewa suna ƙarewa da ba. A nan dole a nemo kalmomi 60 da wani abu, kowacce da ma'anarta, duk masu wannan wutsiya.

Akan ji masu sharhi na cewa wasalin kasra, irin wanda amsa-amon nan ke ƙarewa da shi, alamar karayar zuciya ce, shi ya sa ya dace da marsiyya. Ban gamsu da wannan ba. Ƙasidu nawa ne na yabo da na alfahari suka ƙare da kasra? Aikin da amsa-amon nan yake yi ya fi haka zurfi, kuma baiti na 2 ne ya tona shi. A can mawaƙin ya ce muryar mai shelar mutuwa da muryar mai albishir, in aka gwada su, kama suke a kowace majalisa. Da'awa ce mai wuyar haɗiya. Wa zai yarda guɗar suna da salatin ɗaukar gawa abu ɗaya ne? Bai tsaya kawo dalili ba. Ya bar amsa-amo ya yi ta kawo shaida baiti bayan baiti: miilaadi haihuwa, nafaadi ƙarewa, rashaadi shiriya, fasaadi lalacewa, ibaadi bayi masu rai, jamaadi sandararren abu, izdiyaadi neman ƙari, hidaadi tufafin takaba. Kalmomin da a ma'ana ba sa ga maciji da juna, a kunne ƴan uwa ne na jini. Kafin ka kai tsakiyar ƙasidar kunnenka ya riga ya amince da abin da hankalinka ya ƙi a baiti na 2. Kabarin da ya ce yana dariyar cunkoson kishiyoyi, gurbin amsa-amon ma haka yake, rami ɗaya ne da ake ta zuba masu saɓani a ciki.

Baitin farko kuma ɗangonsa biyu duk sun ɗauki amsa-amon, i'tiƙaadii da shaadii, yadda aka saba a buɗe manyan ƙasidu. Wasalin ƙarshe na i'tiƙaadii lamirin mai magana ne, aƙidata. Sauti ɗaya ne da na sauran baitoci, amma a nan kaɗai yake nufin ni. Da kansa ya fara, sannan ya narke cikin jama'ar matattu.

Maimaici

Maimaicin Ma'arri ba irin na amshi ba ne, babu wani layi da ke dawowa. Kalma ɗaya yake ɗauka ya faɗe ta sau biyu a cikin baiti ɗaya, a bar mai sauraro ya gano abin da ya canja tsakanin faɗa ta farko da ta biyu. Murya da murya a baiti na 2. Kaburburanmu da kaburburan zamanin Adawa a na 4. A na 8, rubba lahdin ƙad saara lahdan miraaran, kabari ya sake zama kabari sau da dama. Na 9 ya fi su duka:

Wa dafiinin alaa baƙaayaa dafiinin

Binnanne a kan ragowar binnanne. Kalmar ta buɗe ɗangon, ita ta rufe shi, a ƙafa ta farko da ta uku, waɗanda dama ma'auninsu ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsohuwar maƙabartar cikin gari ya ga masu haƙa sun ci karo da ƙashi, sun tattara shi gefe cikin ladabi sun ci gaba, ya san ba ƙawa ce ta magana ba.

Sai baiti na 13:

Inna huznan fii saa'atil mauti ad'aa
Fu suruurin fii saa'atil miilaadii

Baƙin cikin sa'ar mutuwa ya ninka murnar sa'ar haihuwa. Yanka shi ka gani: fii saa'atil ita ce ƙafar tsakiya a ɗangon farko, ita ce kuma ƙafar tsakiya a na biyu, harafi da harafi. Kamar sikeli ne mai ƙarfe ɗaya a tsakiya, baƙin ciki da mutuwa a faranti ɗaya, murna da haihuwa a ɗayan. Kalmar da ke nufin ninki, ad'aafu, ita ce ta tsallaka daga ɗango zuwa ɗango, ta yi wa wurinta yawa. Haihuwa kuma, wadda ya kamata ta zo da sauƙi, ita ta faɗa a ƙafar tash'isi, ta ɗauki nauyin da jikkuna da kakanni suka ɗauka a baya.

Akwai kuma maimaici mai dogon zango, wanda sai an karanta ƙasidar duka ake ganin sa, abin da masu tsayawa a baitoci 10 ko 12 na farko suke rasawa. Kurciya ta fito sau uku. A baiti na 3 tambaya ce: kurciyar can a kan reshe mai rangaji, kuka take ko waƙa? Daga baiti na 17 ya juya yana yi wa kurciyoyi magana, yana kiran su ƴaƴan Hadilu, wani ɗan tsuntsu da Larabawa ke cewa ya halaka tun zamanin Annabi Nuhu, kurciyoyi kuma har yau shi suke wa kuka. Ya yaba musu riƙon amana, ya kuma zarge su da yin makoki da abin wuya a wuyansu, ya ce su tuɓe su ari baƙaƙen tufafi daga rigar dare. Wanda ya ce kuka ba shi da amfani ga shi yana neman masu taya shi kuka, kuma ta wannan ƙofa ce sunan Abu Hamza ya shigo. A kusa da ƙarshe kurciyar ta dawo a karo na uku, ba ta kuka ba ta waƙa, sheƙa take ginawa, sheƙar da za ta rushe kamar yadda gidan babban basarake zai rushe. Taurari ma haka. A baiti na 10 shaidu ne, ana cewa a tambaye su al'ummu nawa suka gani sun wuce. A ƙarshe su ma an yanke musu hukunci: Zuhalu yana da alkawari da ajali, wutar Mirrihu za a kashe ta, Surayya, wadda mu muke kira kaza da ƴaƴanta, za a raba ta da ƴaƴan nata.

Tsakiyar ƙasidar, inda ake yabon mamacin, a ganina ba ta kai farko da ƙarshe ba. Akwai gwaninta, kamar inda ya ce tunanin Abu Hamza ya gina wa Nu'umanu abin da waƙar Ziyadu ba ta gina ba, yana haɗa Nu'umanu biyu a suna ɗaya: Imamu Abu Hanifa, da sarkin Hira wanda Nabiga, mai suna Ziyadu, ya yi wa yabo. Wanda ya karanci Shu'ara a zaure zai ji daɗin wannan. Amma gwanintar ƙwaƙwalwa ce, kuma a nan ne wani lokaci nake jin amsa-amo na jan mawaƙin maimakon shi ya ja shi. Inda kuma ya ce a yi wa mamacin likkafani da takardun Mushafi, wuce gona da iri ne da shi kansa malamin fiƙihun da ake wa kuka ba zai sa hannu a kai ba. Game da aƙidar Ma'arri malamai sun daɗe da saɓani, Ibnul Jauzi ya sa shi cikin zindiƙai, Ibnul Adimi na Halab ya rubuta littafi yana kare shi. A wannan ƙasida dai, baiti na 14 da na 15 sun faɗa ƙarara cewa an halicci mutane don wanzuwa, ana ɗauke su ne daga gidan aiki zuwa gidan taɓewa ko na shiriya, kuma ko a nan gida da gida ne, kalma ɗaya sau biyu.

Baitocin rufewa

Kusa da ƙarshe ya ce kullu baitin lil hadmi, kowane gida na rushewa ne. Baiti a Larabci gida ne, shi ne kuma baitin waƙa, domin Halilu daga tantin Balaraben ƙauye ya aro sunayen aruli: baiti tanti, sababi igiya, watadi turke. Baitin da ke biye ya ce mutum matafiyi ne, inuwar magarya ta ishe shi, ba sai ya ɗaure igiyoyi ya kafa turaku ba. Bahaushe ya san da ganyen wace bishiya ake wankan gawa, don haka wannan inuwa ba ta buƙatar sharhi. Da na yanka ɗangon sai na ga kalmar turaku, autaadii, ita ce ƙafar ƙarshe, kuma tash'isi ne, – – –. Wato kalmar turke ta zauna a ƙafar da aka cire wa turkenta harafi. Ma'arri mutum ne da ya san aruli kamar yunwar cikinsa, ya kuma saba wasa da kalmomin fannin a waƙoƙinsa, shi ne daga baya ya rubuta diwani guda a kan lizimta wa kansa harafin ƙafiyar da doka ba ta lizimta masa ba. Ni dai ina karanta wannan a matsayin abin da ya sani ya yi.

Baitin ƙarshe ya komo da maimaici, amma a wata siga:

Wal labiibul labiibu man laisa yagtar
Ru bi kaunin masiiruhuu lil fasaadii

Mai hankali, mai hankalin gaske, shi ne wanda ba ya ruɗuwa da samuwar da makomarta lalacewa. A duk sauran wuraren akwai wani abu tsakanin kalmar da ƴar uwarta, kuma ta biyun kan zo da kishiya ko da wanda ya riga ta shiga rami. A nan labiib da labiib manne suke, babu komai a tsakani, ta biyun tace ta farkon take yi. Kalmar ruɗuwa, yagtarru, ita ce aka raba a tsakiyar baitin, a kan harafinta mai shadda, ra ɗaya a wannan ɗango, ɗaya a wancan. Ƙafar ƙarshe kuwa, lil-fa-saa-dii, ta zo lafiyayya, – v – –, babu habnu babu tash'isi, daidai da ƙafar gai-ru-muj-din da aka buɗe ƙasidar da ita.